Lilin a Wuyan Rigar Baba

Tela mutum ne da bai iya yin abu rabi-rabi ba, kuma wannan halin nasa ne ya kusa ja masa asarar da ba ta da gyara.

Ciwon zuciya ya kayar da shi wata safiya a gaban teburin yanka, da alli a hannunsa. Likitoci suka buɗe masa ƙirji suka ɗinke, ya sha da ƙyar. Da ya farfaɗo sai ya ɗaga riga ya duba aikin da aka yi masa, ya ce wa matarsa ɗinkin ba laifi, amma an ja zaren da yawa ta gefen hagu. A nan Mama ta san mijinta ya dawo, ta fita waje ta yi kukanta na godiya inda ba zai gani ba.

Shi ma ya gode wa Allah, sai dai irin tasa godiyar mai aiki ce. Ya yi alkawari zai karanta Maganar Allah tun daga shafin farko har na ƙarshe, ba tsallake ko layi ɗaya. Shekara hamsin da tara yana zuwa coci, a can aka yi masa baftisma, a can ya yi aure, yana cikin masu waƙa tun muryarsa ba ta fashe ba, amma bai taɓa bin littafin a jere ba. Abin da fasto ya buɗe shi yake ji. Yanzu kuwa kullum da safe, kafin ya ɗaga ƙofar shago, sai ya zauna da tabarau a kan hanci ya karanta shafi biyu, yana bin layi da yatsa kamar mai bin dunƙulen ɗinki.

Makonnin farko sun tafi lafiya. Labarai ne da ya sani, yana karantawa yana gyaɗa kai. Amma da ya shiga cikin shari'ar da aka ba Yahudawa, sai gidan ya fara ji a jikinsa. Ya bi Mama kasuwa yana jujjuya kifi yana neman ɓawo a bayansa, don shari'ar ta hana cin marar ɓawo, har mai kifin ta tambaye shi ko saye zai yi ko awo. Ya hana a kawo wani nama, ya sa ido a kan wani. Mama ta yi haƙuri, ta ce mutumin da ya leƙa kabari ya dawo dole a bar shi ya yi 'yan kwanaki yana wauta.

Sai ranar da ya iso wurin da aka hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin a cikinta.

Wani zai karanta wannan ya wuce, don bai san abin da ke cikin rigarsa ba. Tela ya sani. Rigar kwat ta ulu ba ta tsayuwa da kanta. A cikin ƙirjinta da ƙarƙashin wuyanta akwai wani ƙyalle mai tauri da ake ɓoyewa tsakanin yadi da shafin ciki, ba wanda ke ganinsa, shi ne yake riƙe da kafaɗa ya sa wuya ya kwanta. Kuma duk telan da ya san aikinsa, da lilin yake yin sa. Shekara arba'in Tela yana haɗa ulu da lilin da hannunsa, yana alfahari da hakan. Ya cire tabarau ya ajiye.

Gyaran shago bai ba shi wahala ba. Ya kwashe lilin ɗin ya tura ƙarƙashin tebur, ya koma sa na auduga, ko da yake ya san wuyan ba zai kwanta kamar dā ba. Rigunan da ya riga ya ɗinka wa mutane kuwa ba zai bi gida-gida yana karɓowa ba, ya bar wa Allah. Matsalar tana cikin gidansa, a rataye cikin kabad, an lulluɓe ta da farin zane.

Rigar kwat ce mai launin toka, mahaifinsa ya ɗinka masa ita don ranar aurensa. Baba Tela, wanda shi ne ya koya masa sana'ar, ya yi mako shida a kanta, da hannu, bai bar keken ɗinki ya taɓa ta ba sai a dogon ɗinkin baya. Ita ce babban aikinsa na ƙarshe, don shekara na zagayowa ya rasu. Ba hoto mai kyau, ba wasiƙa, ba wani abu da ya rage na hannun tsohon sai wannan rigar. Ga shi kuma auren Auta, 'yarsu ta ƙarshe, saura kwana tara, kuma abu ɗaya tak ta roƙa a wurin ubanta, wato ya sa rigar Kaka ranar da zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci. Ba ta taɓa ganin kakan nata ba, ta ce ko ta haka a ce ya zo.

Tela ya faɗi hukuncinsa a wurin karin kumallo. Ba zai sa rigar ba sai an cire lilin ɗin.

Mama ta ajiye kofi. Ta zauna da tela shekara talatin da biyar, ta san ma'anar maganar. Ƙyallen nan ba manna shi aka yi ba. An kama shi da yadin ne da ƙananan ɗinki dubbai, kowane ɗaya Baba Tela ya lanƙwasa yadin a kan yatsansa kafin ya soka allura. In aka farke, rigar ba za ta koma ba har abada.

"Baban Auta," ta ce, "wai kai yaushe ka zama Bayahude ba mu sani ba?"

"A rubuce yake. Ba ni na rubuta ba."

"An rubuta wa wa? Kai da kake zama a layin gaba a coci, sau nawa aka karanta mana cewa manzanni sun zauna a kan wannan maganar? Da mutane irinmu suka fara ba da gaskiya ga Almasihu, wasu suka ce sai sun ɗauki shari'ar duka. Aka yi muhawara, aka tashi a kan ba za a ɗora mana ba. 'Yan abubuwa kaɗan aka ce mu kiyaye, kuma ban ji an ambaci wuyan riga ba."

"Ban kai wurin ba tukuna."

"To ka buɗa gaba ka duba mana."

"Na yi alkawari ba tsallake."

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa. "A shafi biyun naka, sai jikanka ya fara tafiya kafin ka kai."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Baba, in ka farke ta, ai ba ta Kaka ba ce kuma." Ta tashi ta kwashe kofuna.

Gaskiyar ita ce Tela ya san duk abin da Mama ta faɗa. Ya sha rera shi a waƙa, cewa ta wurin alheri aka cece shi. Amma abin da baki ya saba rerawa daban, abin da mutum yake ji bayan an buɗe masa ƙirji daban. An ƙara masa kwana, yana so ya cancanci ƙarin, kuma bai san yadda ake karɓar abu hannu biyu ba tare da an yi masa aiki ba. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba, wanda shi ya fi cin ransa. Idan haɗin nan laifi ne, to Baba ya yi ta aikata shi har ya mutu bai sani ba, kuma ya sa wa ɗansa laifin a kafaɗa ranar aurensa. Wannan tunanin ya hana shi sakewa.

Washegari ya kai rigar shago, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ɗauki reza. Sau uku yana kai bakin rezar ga wuyan yana janyewa. Mutumin da ya yanka yadin mutane shekara arba'in ba gardama, ga shi ya kasa tsinke ɗinki ko ɗaya. Sai ya samo wa kansa mafita, ya ce wa ya sani, ƙila Baba da auduga ya yi, ai bai kamata a yi ɓarna a kan zato ba. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, don yatsansa ya riga ya gaya masa, amma ya riƙe ta.

Mai yadin da ke kawo masa kaya ne ya ba shi labari. Ya ce a tsohuwar unguwa, layin da shagon Baba Tela yake a dā, akwai wani dattijo Bayahude da aikinsa ke nan. Mutanensu in sun sayi riga sai su kai masa, ya zaro zare ya duba a gilashi, ya gaya musu ko akwai lilin. In akwai, shi yake cirewa, kuma an ce hannunsa yana da tsabta. Mai Gilashi ake ce masa. Tela ya ji daɗi. In ma farkewar ce, gara wani ya yi ta.

Ya tafi da hantsi, da rigar a hannu cikin zanenta. Ya shekara talatin bai taka layin ba. Inda shagonsu yake yanzu ana gyaran waya. Ya hau wani siririn bene ya tarar da ɗaki guda mai babbar taga. Riguna a rataye a jere, kowace da 'yar takarda a maƙale da fil. A kan teburin akwai fitila mai lanƙwasa wuya, da matsefata, da ƙananan almakasai, da gilashin da ke mayar da zare kamar igiya. Dattijon yana zaune a bayansu, ɗan ƙarami ne, gemunsa fari fat, da 'yar hula a tsakiyar kai. Zai haura tamanin.

Suka gaisa. Tela ya kwance zanen ya ce, "Baba, so nake a duba mini. In akwai lilin, a cire."

Mai Gilashi bai taɓa rigar ba tukuna. Ya dube shi ta saman tabarau. "Ban san fuskarka a wurin ibadarmu ba. Mahaifiyarka tamu ce?"

"A'a. Ni Kirista ne. Iyayena ma haka."

"To rigar ta wani ce daga cikinmu?"

"Tawa ce."

"Sannu," in ji dattijon, kamar mai gaida marar lafiya. "Zauna."

Tela ya zauna ya zayyana masa komai, ciwon, alkawarin, shafi biyu, auren Auta. Dattijon yana saurare yana juya rigar. Ya ɗaga wuyan, ya sa ɗan almakashi ya tsinke ɗinki huɗu kacal, daidai faɗin yatsa, ya zaro zare ɗaya da matsefata ya ɗora a ƙarƙashin gilashi. Bai daɗe ba.

"Lilin ne, mai kyau kuwa. Irinsa ya ƙare a kasuwa. Ni ba zan iya sa rigar nan ba ko na minti ɗaya."

Tela ya ce, "To a cire."

"Ba zan cire ba."

"Baba, ai aikinka ne."

"Aikina ne in cire wa wanda aka hana. Kai wa ya hana ka?" Dattijon ya jingina da kujera. "Mu aka ba dokar nan. Dokoki ɗari shida da goma sha uku muke ƙirgawa, kuma ba na kuka da ko ɗaya, gādon gidanmu ne, ina ɗauke da shi da farin ciki. Amma malamanmu ba su taɓa cewa duk duniya ta ɗauka ba. Sauran mutane, dokoki bakwai aka nema a wurinsu: kada su bauta wa gunki, kada su kashe, kada su yi sata, da irinsu. Wanda ya riƙe waɗannan, mutumin kirki ne a wurin Allah, da lilin a wuyansa ko babu. Abin da littafinku ya ce a gaba kuwa, wannan tsakaninka da malamanku ne. Ni da kai ba za mu yarda a kan komai ba, kada in yaudare ka. Amma ta wajenmu, ba mai neman wannan a hannunka. Ka leƙa gidan maƙwabci ka ga yana ɗauke da kaya, ka zo kana ƙoƙarin ƙwacewa."

Tela ya buɗe baki zai ce a rubuce yake, sai ya ga dattijon ya daina saurarensa. Ya jawo fitilar kusa, ya buɗa ɗan ramin da yatsa, yana kallon ɗinkin ciki. Ya daɗe a haka.

"Wa ya ɗinka rigar nan?"

"Mahaifina."

"Bahago ne."

"Eh."

"Shagonsa a ƙasan layin nan yake, kusa da famfo. Yana tari in zai yi magana." Dattijon ya ɗago. "Kai ne ɗan Tela? Mai kunnuwan nan da ke zama a kan buhun ƙyallaye?"

Tela ya gyaɗa kai.

"Tun da na ga layin ɗinkin ya karkata hagu na ce na san hannun nan. Mahaifina ne ke wannan aikin a lokacin, ni ina koyo. Rabin rigunan mutanenmu daga shagon babanka suke fitowa. Ka tuna wani koren gwangwani a saman kanta?"

Ya tuna. Ya tuna sarai, don an taɓa buge masa hannu a kansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya rasa zare ya kai hannu ciki, Baba ya daka masa tsawa irin wadda bai taɓa yi ba. Ya zaci tsadar zaren ce.

"Namu ne," in ji Mai Gilashi. "Zarenmu, allurarmu, ƙyallenmu, ba ya haɗa su da na sauran aiki. In zai fara rigar ɗayanmu sai ya share tebur ya wanke hannu, don kada ko burbushin lilin ya bi. Shi ya zo da ƙafarsa wurin mahaifina ya ce a koya masa dokar tun daga tushe, ya fi wasu 'ya'yanmu saninta. Shekara ashirin da wani abu muna duba aikinsa, ba mu taɓa samun zare ɗaya ba. Har mahaifina yakan ce duba rigar Tela ɓata lokaci ne, amma mu duba don kada mu saba da lalaci."

"Ashe ya sani," in ji Tela.

"Ya sani mana. Na taɓa jin mahaifina yana tsokanarsa, ya ce tunda ka iya haka, me ya hana ka shigo cikinmu gaba ɗaya? Babanka ya yi tarinsa, ya ce shi an riga an karɓe shi a inda yake, ba don ya iya komai ba. Ya ce yana kiyaye mana ita ne don mu maƙwabtansa ne, kuma Allahn da ya ba mu ita shi yake bauta wa. Suka yi ta musu har shayi ya huce. Kullum haka suke, ba wanda ya taɓa kayar da wani."

Tela ya dubi ɗan ramin da ke wuyan rigar. Ga ɗinkin nan a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero, kowane ya karkata hagu. Mutumin da ya san dokar ciki da waje, wanda yake wanke hannu saboda ita, shi ne ya zauna mako shida ya zaɓi lilin mafi kyau ya sa wa ɗansa, da sani, da kwanciyar rai. Ba cikin duhu Baba ya mutu ba. Ɗan ne ya tsorata, ya ɗauki kyautar da aka ba shi yana neman ya mayar da ita aiki. Kunya ta kama shi, sai kuma godiya ta biyo ta rufe kunyar, irin godiyar da ya kasa yi a gadon asibiti. Ya gode wa Allah da ya karɓe shi tun bai san akwai lilin a duniya ba. Ya gode da ya kasa sa wa rigar reza. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba.

Dattijon ya bar shi ya gama. Sannan ya tura masa allura da zare mai launin toka. "Ɗinki huɗu na tsinke. Ni ba zan sa hannu a aikin babanka ba. Kai ka mayar."

Tela ya share ido ya zauna a bakin taga. Ya nemi ramukan da allurar Baba ta bari ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ba bahago ba ne, nasa sun ɗan karkata dama, duk ƙoƙarinsa. Ɗinki huɗu suka ci masa kusan rabin awa. Ya ciji zaren, ya shafa wuyan ya kwanta.

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Ka gode wa matarka, ita ta fara gaya maka. Kuma ka bar mai kifi ta huta." Mai Gilashi ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki rigar ta kafaɗu biyu, ya riƙe ta nesa da jikinsa, ya buɗe ta. "Juyo. In gani ko har yanzu tana shiga."

Tela ya juya masa baya ya miƙa hannuwa. Shekara arba'in shi ne mai tsayawa a bayan mutane yana riƙe musu riga. Mutum ɗaya ne ya taɓa riƙe masa, da safiyar aurensa, yana tari yana cewa ya daina motsi. Rigar ta hau kafaɗunsa ta zauna, ciwon ya rage masa tumbi har maɓallin ya shiga. Ya ji tsofaffin hannuwa suna gyara masa wuyan ta baya, suna kakkaɓe kafaɗa sau biyu.

"Je ka kai yarinya coci, ɗan Tela," in ji dattijon.

Tela ya naɗe farin zanen ya sa a hammata. Rana ta take, layin ya cika da masu riguna masu gajeren hannu, amma bai cire rigar ba, a cikinta ya taka har gida.